Kafin a Isa Asibiti

Bomo gari ne na manoma a ƙasar Zazzau, cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Gari, dab da Samaru. Mutanensa sun yi dacen maƙwabta. Tun cikin 1922 aka kafa wurin binciken aikin gona a Samaru, cikin 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, cikin 2005 kuma babban asibitin koyarwa na jami'ar ya tare a mazauninsa na Shika, kan hanyar Funtuwa. Wanda ya hau babur daga Bomo, kafin tuwo ya huce ya isa wurin likita. Ƙauyuka da yawa a Arewa ba su sami wannan gata ba.

To, sabo da haka wani zai ce iyayen Bomo ba ruwansu da koyon taimakon farko, tun da ga likitoci nan a bakin ƙofa. Mai wannan magana bai ƙidaya mintoci ba. Idan gyaɗa ta maƙale wa yaro a maƙogwaro har numfashi ya tsaya, bayan kamar minti 4 ƙwaƙwalwarsa za ta soma lalacewa. Cikin minti 4 ɗin nan uwa ba ta gama neman mayafinta ba, balle a samo mai babur, balle a fita hanya. Likita kuwa, kome gwanintarsa, da abin da aka kawo masa yake aiki. In an kawo masa yaro da sauran numfashi, ya yi iya ƙoƙarinsa. In an kawo masa yaron da aka ƙara wa ciwo a gida, aikinsa ya zama biyu.

Taimakon farko, watau abin da ake yi wa wanda tsautsayi ya faɗa wa kafin a kai shi ga likita, aikin wanda ya fi kusa ne. Wa ya fi kusa da ƙaramin yaro? Uwarsa, da abokiyar zamanta, da kakarsa, sa'an nan yayarsa 'yar shekara 10 wadda ke goyonsa tun daga tashin makaranta har magariba. Maigida yana gona ko yana kasuwar Samaru. Waɗannan na cikin gida su ya kamata a fara koya wa, amma galibi su ne ba a koya wa kome. Abin da suka sani shi ne abin da suka ga ana yi, cikin abin da ake yi kuwa akwai mai ceto, akwai mai kisa.

Ga misalin jijjiga, wadda waɗansu ke kira taune-taune. Ba abin da ke firgita gida kamarta. Yaro yana fama da zazzaɓi, yawanci cikin damina sa'ad da sauro ya yi yawa, sai kawai a ga idanunsa sun juye, jikinsa ya sandare, hannu da ƙafa suna fizga, kumfa na fita a baki. Nan da nan gida ya ɗauki salati. Wannan ta ɗauko cokali ta cusa masa tsakanin haƙora, wai kada ya haɗiye harshensa. Waccan ta ɗura masa manja ko jiƙo. Wata ta kanga tafin ƙafarsa a wuta don ya farfaɗo. Dukansu ƙauna ce ta sa su, ba mai musun wannan. Amma ba wanda ya taɓa haɗiye harshensa, gama harshe a ɗaure yake a ƙasan baki. Cokali sai dai ya karya haƙori ya yanka dasashi. Abin da aka ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa kuwa yakan bi hanyar iska ya shiga huhu, bayan kwana biyu ya zama wani ciwon dabam. Wutar ma ba ta farfaɗo da kowa. Yaron da zai tashi gobe ya yi wasa, sai ya yi wata guda yana jinyar ƙafa.

Abin da ake bukata kaɗan ne ƙwarai, ba ya cin ko kwabo. A kwantar da yaron a ƙasa bisa tabarma, a kan haƙarƙarinsa, don yawu ya zubo waje. A kawar da duk abin da zai buge shi ko ya ƙone shi. A sassauta masa riga. Kada a danne shi, kada a sa masa kome a baki. Wani ya dubi agogo ko waya ya riƙe lokacin da abin ya fara, domin likita zai tambaya. Jijjigar zazzaɓi ta fi kama yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5, yawancinta kuma takan tsaya da kanta kafin minti 5. In ta wuce haka, ko ta tsaya ta sake dawowa, babu sauran jira, a ɗauke shi a kwance a kama hanya. Ko da ta tsaya yaron ya buɗe ido, tilas a kai shi ran nan a gwada jininsa, gama zazzaɓin cizon sauro yakan hau ƙwaƙwalwa, sanƙarau ma cikin bazara yakan zo da jijjiga. Addu'a ba ta hana tafiya, ana yinta a bisa hanya.

Haka kuma za a yi wa ɗan makarantar da farfaɗiya ta kayar a aji ko a filin wasa. Yara sukan watse su bar shi, don an gaya musu wanda yawunsa ya taɓa zai kamu. Wannan magana ba ta da tushe. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu ko ta taɓawa. In ya faɗi kusa da murhu ko bakin rijiya, gudun da aka yi aka bar shi ya fi ciwon haɗari.

Hausawa sun ce, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Ba inda maganar nan ta dace kamar wajen yaron da ya sha kananzir. A gidaje da yawa cikin kwalbar lemo ko gorar ruwa ake zuba kananzir, a ajiye a gindin gado. Cikin zafin Maris da Afrilu ƙishirwa ta kama ɗan shekara 2, ya ga kwalbar da ya saba gani da zaƙi, ya kafa kai. Abin da aka saba yi shi ne a ɗura masa manja, ko a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya amayar. Ga shi kuwa kananzir ya fi ɓarna a huhu bisa ga ciki, amai kuma shi ke komo da shi sama ya zarce cikin huhun. Watau mai sa yaron amai, da hannunsa ya kai gubar inda ta fi kisa. Abin yi shi ne a tuɓe masa rigar da ta jiƙe, a wanke masa baki da jiki, a fitar da shi inda iska take, a tafi asibiti ko da ya yi kamar ba abin da ya same shi. Haka nan fiya-fiya da maganin feshin gona, waɗanda ba gidan manomin da ba a rasa su: kada a sa amai, kada a ba shi madara, a wanke fata da sabulu, a tafi da gaggawa. A riƙa tafiya da kwalbar ko ledar abin da ya sha, don likita ya karanta ya san irin maganin da zai ba shi.

In hunturu ya shigo cikin Disamba da Janairu, sai tsautsayin ya koma na wuta. Ana shiga ɗaki da kaskon garwashi, ana ɗora ruwan wanka, ana dama koko da sassafe, yara kuwa suna kewaye da murhu suna jin ɗumi. Ƙuna tana da wata ɗabi'a da mutane da yawa ba su sani ba. Ko an janye hannu daga wuta, zafin da ya riga ya shiga nama yana nan yana ci, kamar yadda dankali ke ci gaba da nuna bayan an tsame shi. Abin da ke fitar da zafin nan ruwa ne, ruwan randa ko na famfo, a yi ta kwararawa a wurin har minti 20. Minti 20 lokaci ne mai tsawo ga uwar da ɗanta ke tsala ihu, amma shi ke rage zurfin ƙunar da girman tabo. Ba a sa ƙanƙara. In yaron ƙarami ne, a lulluɓe sauran jikinsa don kada sanyi ya kama shi. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, amma tufar da ta manne da fata a bar ta. Sa'an nan a rufe da tsabtataccen ƙyalle.

Manja, da ɗanyen ƙwai, da man goge baki, da baƙin man inji, da toka, duk ana shafa su a ƙuna, kuma ba ɗaya daga cikinsu da ke fitar da zafi. Datti suke kai wa ciwo, in an je asibiti kuma sai an kankare su kafin a ga wurin, yaron ya sha azaba sau biyu. Ƙunar da ta yi ruwa ba a fasa ta. Wadda ta kai faɗin tafin hannun yaron, ko ta taɓa fuska, ko hannu, ko gaba, ta likita ce. In kuwa zane ne ya kama da wuta, gudu hura ta yake yi. A kayar da yarinyar ƙasa, a nannaɗe ta da bargo, a mirgina ta har wutar ta mutu.

Sai maganar shaƙewa, wadda ita ce ba ta ba da lokaci ko kaɗan. Gyaɗa, da gurjiya, da aya, da ƙwallon magarya, da murfin biro, duk sun isa su toshe hanyar numfashin yaro. In yana tari da ƙarfi, yana iya kuka, to, iska na wucewa, a bar shi ya yi ta tari. Kada a ba shi ruwa, kada a laluba maƙogwaronsa da yatsa, gama tura abin ciki za a yi. Amma in ya yi shiru, ya kama wuya, leɓɓansa suka soma canza launi, a sunkuyar da shi gaba a buga tsakanin kafaɗunsa da gindin tafin hannu sau 5, bugu mai ƙarfi. In abin bai fito ba, a tsaya a bayansa, a dunƙule hannu a ɗora sama da cibiya kaɗan, a kama da ɗaya hannun, a fizgo ciki da sama sau 5. Iskar da ta rage a huhu ita za ta tunkuɗo abin waje. Wani likitan Amurka, Henry Heimlich, shi ya bayyana wannan dabara ta matsa ciki cikin 1974. Jaririn da bai kai shekara ɗaya ba, ba a matsa masa ciki. Kife shi ake yi bisa hannu, kansa ya yi ƙasa, a buga bayansa sau 5, a juyo shi a danna ƙashin ƙirjinsa sau 5. A yi ta maimaitawa, wani kuma yana neman abin hawa. Yarinya 'yar aji biyar tana iya yin wannan duka, in an taɓa nuna mata.

Ruwa ma haka yake. Akwai tafki a Bomo, ga rafin Kubanni, ga kududdufai da damina ke cikawa, ga rijiyoyi marasa murfi. Mai rarrafe ma cikin bahon wanki yana iya nutsewa, ba tare da ya yi ƙara ba. Yaron da ya ga abokinsa na nutsewa kada ya faɗa bayansa, domin mai nutsewa duk abin da ya kama da shi zai tafi ƙasa. Ya yi kururuwa, ya miƙa masa gora ko igiya, ko ya jefa masa jarka wadda ba kome ciki, a rufe da murfinta. In an fitar da shi, ɓata lokaci ne a rataye shi kai ƙasa ko a danna masa ciki wai ruwa ya fita. Numfashi yake bukata. In ba ya yi, a ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa, a hura masa iska a baki sau 5, sa'an nan a riƙa danna tsakiyar ƙirji sau 30 ana hura iska sau 2. Wannan aiki sai an gwada shi da hannu a gaban wanda ya iya, karatu kaɗai ba ya isa.

Akwai kuma wani haɗarin da ba ya zuwa da ihu, shi ya sa ake raina shi. Shi ne gudawa. In yaro ya kama zawo sai a ce haƙori ne, a jira ya wuce. Waɗansu ma sukan hana shi ruwa, wai in ya sha zai ƙara zawon. To, jikin yaro kamar tulu ne da ya tsage, in ba a riƙa ƙara masa ruwa ba zai ƙafe. Alamun ƙafewar a fili suke: idanu su faɗa, baki ya bushe, fitsari ya ɗauke, maɗigar jariri ta lotsa. Sau da yawa akan kwaɓa magani a shafa a maɗigar, alhali ruwa ne ya ƙare a jiki, in ya koma za ta cika da kanta.

Maganin wannan yana cikin kowane ɗakin girki. Cikin 1971, sa'ad da kwalara ta faɗa wa 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladash, wani likitan Indiya mai suna Dilip Mahalanabis ya rasa isasshen ruwan da ake ƙarawa ta jijiya. Sai ya sa 'yan uwan marasa lafiya su riƙa ba su ruwan gishiri da sukari ta baki. Masu mutuwa suka ragu daga wajen 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. A lura, hannun dangi ne ya yi wannan aiki. A Nijeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara wanda ya riƙe Ma'aikatar Lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya yi ƙoƙari ƙwarai wajen yaɗa shi. Wanda aka fi so shi ne na ƙunshi, wanda ake samu a asibiti da kantin magani, a zuba ƙunshin cikin adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa. In babu, a sami tsabtataccen ruwa lita ɗaya, a sa sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada gishirin ya wuce haka, in ya yi yawa cuta ne. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan da cokali, in ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba. Nono ba a tsayar da shi. Akwai kuma ƙwayar zinki da ake ba yaro kwana 10 zuwa 14. In ya kasa sha, ko jini ya fito a bayan gida, ko ya galabaita, sai asibiti, ana tafe ana ba shi.

Game da saran maciji kuwa, Zariya tana da abin faɗa wa duniya. A farkon shekarun 1970 wani likitan Ingila, David Warrell, ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello, shi da abokan aikinsa suka yi bincike mai zurfi a kan dafin kububuwa da kasa da macijin nan mai fasa kai, wanda ake kira kumurci ko gamsheƙa. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi. To, a dubi abin da aka saba yi wa wanda maciji ya sara: a tsattsaga wurin da reza, a tsotse, a ɗaure ƙafar tamau da igiya. Mutumin da jininsa ba ya daskarewa, an buɗe masa ƙofofin zubar jini da reza ke nan. Ɗaurin kuma ba ya tsare dafi, jini yake tsarewa, har wani lokaci ƙafar ta ruɓe a yanke ta. Abin da ya kamata shi ne a kwantar wa yaron da hankali, a hana shi gudu ko tafiya, a cire masa abin hannu ko na ƙafa, a tallafe gaɓar da sanda kamar mai karaya ba tare da an matse ba, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar kashe dafi. Ba a tsayawa farautar macijin. In dafi aka tsarta masa a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa nan take.

Sauran ƙananan abubuwa ba su da wuya. Mai haɓo ya zauna ya sunkuyar da kai gaba, ya matse taushin hancinsa minti 10. Ɗaga kai sama haɗiye jini ne kawai. Yanka mai zubar jini, a danne shi da tsabtataccen ƙyalle, kada a cusa masa ƙasa. Karaya, kada a ja, kada a ɗaure da ƙarfi. In yatsu suka yi sanyi ko suka kumbura bayan ɗori, ɗaurin ya yi yawa, a kwance a tafi asibiti. Cizon kare ne kaɗai ke son ƙarin magana. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, sa'an nan a je a karɓi allura ran nan, ko da ciwon ɗan ƙarami ne. Ciwon haukan kare in ya riga ya bayyana a jiki ba ya jin magani, amma allura tun da wuri tana tare shi. Wanda aka fara ceta da ita yaro ne ɗan shekara 9, Joseph Meister, a hannun Louis Pasteur na Faransa cikin 1885.

Lalle akwai masu cewa, “Haka kakanninmu suka yi, ga mu kuwa mun rayu.” Gaskiya ne sun rayu. Amma waɗanda ba su rayu ba ba su nan balle su ba da nasu labarin. Tsofaffi sun san abubuwa da yawa na gaske. Kaka ce ke fara gane yaro ba shi da lafiya tun kafin uwarsa ta lura, ita ce kuma ba ta ruɗewa sa'ad da kowa ya ruɗe. Irin wannan mutum in ta san abin da ya dace, ba wanda zai fi ta amfani a gida. Sabo da haka kuskure ne a koya wa yara a makaranta a bar kakanni a baya.

Nan ne aikin ɗan makaranta yake, kuma aiki ne mai son ladabi. Yarinyar da ta jira sai ƙanenta na jijjiga sa'an nan ta ce, “Kaka, kada a sa masa cokali,” amsar da za ta samu ita ce, “Ke 'yar nan, yaushe aka haife ki?” Ba kuwa za a ga laifin kakar ba, gama ba a koyon sabon abu cikin firgita. Lokacin maganar shi ne da dare bayan an ci tuwo, kowa lafiya lau. Ta ce, “Inna, kin ji abin da Malama ta koya mana yau? Kaka, bari in nuna miki da 'yar tsanata.” A yi dariya, a yi gardama, maganar ta zauna. Ran da abin ya faru, wani cikin gidan zai tuna. Ba a ce yaro ya zama likita ba. In babba na kusa, aikin yaro na fari shi ne ya kira shi da ƙarfi, kada ya ɓoye abin da ya faru don tsoron duka. Yara da yawa sukan ɓoye cizon kare ko shan wani abu sabo da tsoron bulala. Iyayen da ke dukan yaro don ya kawo labarin tsautsayi, suna koya masa ya yi shiru ran da shirun zai yi kisa.

Masu gida ma da nasu. Sau da yawa abin da ke tsayar da yaro a gida awa uku ba rashin sani ba ne. Uwa ta san ya kamata a tafi, amma maigida ba ya nan, ba ta da izinin fita, ba ta kuma da kuɗin babur. Ta zauna tana kallon ɗanta tana jiran sallamar mijinta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Maigidan kirki tun yau zai ce wa iyalinsa, “In wani abu ya sami yaro, ku tafi, kada ku jira ni, ku aiko a gaya mini.” Ya ajiye 'yan kuɗi a wuri sananne waɗanda ba a taɓawa don cefane, ya rubuta lambar wayar mai babur biyu ko uku na unguwa a bango. Kuɗin asibiti da nauyi, ba mai cewa babu. Amma yaron da aka kai da safe yana iya sallamuwa da ƙwayoyi, wanda aka kai da tsakar dare bayan ya galabaita sai an ba shi gado, kuɗinsa ya ninka.

Saura wa zai koyar. Masu koyarwa ba su yi ƙaranci ba. Ƙungiyar Red Cross, wadda aka kafa a Janeba cikin 1863 bayan Henry Dunant ya ga yadda aka bar raunanan yaƙin Solferino na 1859 ba mai taimako, tana da reshe a Nijeriya wanda doka ta tabbatar cikin 1960, koyar da taimakon farko kuma yana cikin aikinta. Ga 'yan agaji na Jama'atu Nasril Islam da na Fityanul Islam waɗanda ake gani da kakinsu a filin Idi. Ga kuma ɗaruruwan ɗalibai masu koyon aikin likita da na jinya a Samaru da Shika, tafiyar 'yan mintoci daga Bomo. Abin da ya dace shi ne hakimi da masu unguwa da shugabannin makarantu su gayyato su, su zo inda mata suke: Islamiyyar matan aure, da ranar awo, da ranar rigakafi. A koyar da Hausa, a nuna da hannu, kowace mace ta gwada da kanta.

A makarantar firamare kuwa kayan aikin ba su wuce tabarma ɗaya da 'yar tsana da buta da ƙaramin cokali ba. Yaro ɗaya ya kwanta, ɗaya ya juya shi kan haƙarƙari, na uku ya riƙe agogo. A sake, a sake, har hannu ya saba. In an tashi, malam ya ba su aikin gida: kowa ya zagaya gidansu ya dubo inda kwalbar kananzir take, ko rijiya na da murfi, ko akwai bahon da aka bari da ruwa a tsakar gida, gobe ya zo ya faɗa wa aji abin da ya gani da abin da Baba ya ce.